Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Tarayya: Wa Ke Biyan Kuɗin Yaƙin Neman Zaɓe?

Zuwa ga Masu Girma Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilai, musamman mambobin kwamitocin harkokin zaɓe na majalisun biyu, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku,

Ni akanta ne da ya ajiye aiki, kuma har yanzu nakan duba wa wasu 'yan kasuwa da 'yan kwangila littattafan lissafinsu a nan Kano. Shekarun da na yi ina aiki, ba a taɓa ba ni albashi ba sai an cire haraji tun kafin ya iso hannuna, yau kuma da yawa daga abin da nake saya a kanti akwai harajin kayan masarufi a kansa. Saboda haka ina ganin ina da bakin magana a kan inda kuɗin gwamnati ke tafiya. Sana'ata ta koya mini abu ɗaya da ba ya canzawa: duk nairar da aka ga ta fita a wani shafi, akwai shafin da ta shigo ta cikinsa, idan kuma ba a ga shafin ba, to wani ne ya yage shi. Da wannan idon nake kallon kuɗin da ake kashewa a yaƙin neman zaɓe a ƙasar nan, kuma a kansa nake son yin magana da ku, domin ku ne kuke rubuta dokar, ku ne kuma kuka fi kowa sanin abin da kujerar da kuke kai ta ci.

Bari in fara da abin da kowa ya gani da idonsa. A shekarar 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. Jam'iyyar PDP ta sayar da nata na shugaban ƙasa a kan naira miliyan 40, na gwamna kuma miliyan 21. A wannan lokacin mafi ƙarancin albashi naira dubu 30 ne a wata, albashin shugaban ƙasa kuwa, idan aka haɗa da alawus ɗin da hukumar rabon arzikin ƙasa ta yanke masa, bai kai naira miliyan 15 a shekara ba. Wato da mutum zai yi shekara huɗu a kan mulki bai taɓa ko kwabo daga albashinsa ba, abin da zai tara bai isa ya mayar masa da kuɗin takardar da ya cike ba. Duk da haka mutane fiye da ashirin suka sayi fom ɗin na miliyan 100, wasu ma aka ce wasu ƙungiyoyi ne suka saya musu ba da saninsu ba.

Fom kuwa bakin ƙofa ne kawai. Bayansa akwai daliget, waɗanda jaridu suka yi ta ruwaito cewa da dalar Amurka aka riƙa sallamar su a zaɓukan fid da gwani na wannan shekarar, har wani mai neman takarar shugaban ƙasa ya janye yana kukan cewa kuɗi sun cinye al'amarin, wasu da suka faɗi kuma suka bi daliget gida-gida suna neman a mayar musu da abinsu. Bayan daliget akwai ofisoshi da motoci da fastoci da 'yan jagaliya da sojojin baka a gidajen rediyo. Ku ɗauki abu guda kawai, wakilan akwati. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan a zaɓen 2023. Idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya sa wakili ɗaya tak a kowace rumfa, ya ba shi naira dubu 10 na abinci da mota, kuɗin ya haura naira biliyan 1.7 a yini guda, alhali iyakar abin da Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ya kashe a dukan yaƙin neman zaɓensa naira biliyan 5 ne. Sanata an yanke masa naira miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70. Ba sai na tambaye ku ko waɗannan alƙaluma sun yi kama da abin da ya fita daga hannunku ba, kun sani, mu ma mun sani.

A unguwarmu, kwana biyu kafin zaɓen gwamna na 2023, na tsaya a ƙofar gida bayan sallar isha'i ina kallon wata a-kori-kura tana sauke kaya a wani kango. Katon-katon ne na taliya, da sabulu, da turamen atamfa masu hoton ɗan takara. Wata mata mai riƙe da littafi tana kiran suna, kowace mace ta zo da katin zaɓenta a ƙulle a bakin mayafi, a duba, a miƙa mata turmi ɗaya da taliya biyu. Lokacin ana cikin wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuyar gani, shi ya sa kaya suka maye gurbin tsabar kuɗi. Wata tsohuwa da na sani tun ina yaro ta biyo ta gabana da nata a ka, muka gaisa, na ce mata, "Iya, an samu ke nan?" Ta ce, "Ɗan nan, ai kuɗinmu ne, yau kaɗai muke ganin su." Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin tsohuwar ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta faɗi abin da nake son in faɗa muku a wannan wasiƙa.

Duk lokacin da aka tayar da maganar gwamnati ta riƙa tallafa wa jam'iyyu ko 'yan takara da kuɗi, amsar farko da ake bayarwa ita ce bai kamata a ɗora wa mai biyan haraji nauyin siyasar wasu ba, a bar masu hali su kashe dukiyarsu. Amsa ce mai daɗin ji, kuma ni kaina na daɗe ina bayar da ita. Matsalarta ita ce ta ɗauka cewa a halin da ake ciki mai biyan haraji ba ya biya. Yana biya, kuma biyan da yake yi ya fi tsada, domin ba a rubuta shi a kasafin kuɗi, ba a muhawara a kansa a zaurenku, ba a kuma ba shi rasit. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Attajirin da ya zuba naira miliyan ɗari biyar a yaƙin neman zaɓen wani ba sadaka ya yi ba, jari ya sa, kuma ribarsa ba ta da wurin fitowa sai baitulmali: kwangilar da aka ninka kuɗinta, ko yafe harajin shigo da kaya, ko fili a unguwar masu hannu da shuni, ko muƙami ga ɗansa a hukumar da ke da maiƙo.

Na ga wannan a takarda, ba labari aka ba ni ba. Wasu shekaru da suka wuce wani ɗan kwangila ya kawo mini takardunsa in shirya masa lissafin ƙarshen shekara. An ba shi aikin gina azuzuwa a wata makarantar firamare. Da na jera abin da aka biya shi da abin da ya kashe a kan siminti da rodi da kwano da leburori, sai na ga wani babban rami a tsakiya wanda babu rasit ko ɗaya da ya rufe shi. Na tambaye shi me zan rubuta a nan. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ai na jam'iyya ne, tun kafin a sa hannu aka cire." Ban sa hannu a lissafin ba, shi ma bai sake dawowa wurina ba. Daga baya hanya ta bi da ni ta garin, na ga azuzuwan: daɓen ya farfashe kafin damina ta biyu, iska ta yaye kwanon gefe ɗaya, yara suna zaune a kan buhu. Waɗannan yaran ne suka biya kuɗin fastoci da atamfar zaɓen da aka yi kafin a haifi wasunsu.

Ba a ɓoye kawai abin yake faruwa ba. A ranar 10 ga Yulin 2003 aka yi yunƙurin sauke gwamnan Anambra, Chris Ngige, da ƙarfin tsiya, aka tsare shi na wasu sa'o'i, kuma tushen rikicin shi ne saɓanin da ya shiga tsakaninsa da ubangidansa na siyasa wanda ya ɗauki nauyin zaɓensa. A farkon 2006 majalisar dokokin Oyo ta tsige gwamna Rashidi Ladoja bayan ya ɓata da nasa ubangidan, Lamidi Adedibu, wanda bai ɓoye cewa yana ganin yana da haƙƙi a kuɗin tsaro na jihar ba, sai a ƙarshen shekarar Kotun Ƙoli ta mayar da gwamnan kan kujerarsa. A watan Disambar 2014 aka yi liyafar tara kuɗi a fadar shugaban ƙasa domin zaɓen 2015, aka sanar da alkawarin sama da naira biliyan 21 a dare ɗaya, a lokacin da doka ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 1, mutum ɗaya kuma kada ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 1. A cikin masu alkawarin akwai gwamnoni masu ci da rukunan 'yan kasuwa da ke hulɗa da gwamnati, alhali dokar kamfanoni ta hana kamfani bayar da kyauta ga jam'iyyar siyasa, sashe na 221 na kundin tsarin mulki kuma ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko na ɗan takara. Na kawo wannan misali ne saboda shi aka yi a gaban kyamara. Jam'iyyar da ta karɓi mulki bayan nan ita ce ta kai fom naira miliyan 100, don haka ba cinya ba ne, ƙafar baya.

Yanzu bari in yi wa masu adawa da tallafin gwamnati adalci, domin suna da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar tasu tarihinmu ne. Mun gwada, ba sau ɗaya ba. A watan Oktoban 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi watsi da ƙungiyoyin siyasa goma sha uku da suka nemi rajista, ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi, ta kuma riƙa ba su kuɗin gudanarwa. Dalilin da aka bayar shi ne a raba siyasa da masu jakar kuɗi, kowa ya shiga jam'iyya a matsayin ɗan jam'iyya, kada wani ya ce shi ya kafa ta. Me ya biyo baya? An soke zaɓukan fid da gwani na 1992 bisa zargin maguɗi da amfani da kuɗi, kuma da aka zo zaɓen 12 ga Yunin 1993, 'yan takarar biyu, Moshood Abiola da Bashir Tofa, duka manyan attajirai ne. Aka soke zaɓen, a watan Nuwamba Janar Sani Abacha ya rushe jam'iyyun, gine-ginen da aka yi da kuɗin jama'a wasu suka koma kotuna da ofisoshin gwamnati, wasu suka zama kufai.

Gwaji na biyu a wannan jamhuriyar aka yi shi. Sashe na 228 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ku ikon yin dokar da za ta ware wa hukumar zaɓe kuɗi duk shekara domin ta raba wa jam'iyyu, kuma an yi hakan. A ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2006 ana raba kashi 10 cikin 100 na tallafin daidai wa daida tsakanin dukan jam'iyyun da ke da rajista, sauran kashi 90 kuma gwargwadon kujerun da kowace ta ci a majalisarku. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 a shari'ar da marigayi Gani Fawehinmi ya jagoranta ƙofar rajista ta buɗe, jam'iyyu suka tashi daga uku zuwa talatin kafin zaɓen 2003, suka ci gaba da yaɗuwa. Da yawansu ba su da ofis sai jakar shugabansu, ba su da aiki sai jiran rabon tallafi da kuma sayar da goyon baya ga babban ɗan takara idan zaɓe ya matso. Manyan jam'iyyun kuwa suka karɓi kaso mafi tsoka suka haɗa da na iyayen gidansu, ba su rage komai ba. Da aka zo Dokar Zaɓe ta 2010 aka cire tallafin, kuma ban ji wanda ya yi kukan rashinsa ba sai shugabannin jam'iyyun jakar.

Abin lura shi ne cire tallafin bai hana jam'iyyu yawaita ba, domin a zaɓen 2019 sun kai 91, masu neman shugabancin ƙasa 73, sai da hukumar zaɓe ta soke rajistar 74 a watan Fabrairun 2020. Bai kuma rage tsadar siyasa ba. A ganina abin da gwaje-gwajen biyu suka nuna shi ne kuɗin gwamnati da aka zuba a kan kuɗin attajirai, ba tare da an toshe kafar na attajiran ba, ba tare da sharaɗi ko bincike ba, asara ce biyu ga mai biyan haraji. Ba su nuna cewa babu hanyar da za a yi abin ya yi amfani ba.

Amurka ma ta ga irin wannan. Tun daga zaɓen 1976 suna da asusun gwamnati na zaɓen shugaban ƙasa, wanda mai biyan haraji yake zaɓa da kansa a takardar harajinsa ko a sa dala ɗaya daga ciki, daga baya aka mayar da ita dala 3. Sharaɗin karɓa shi ne ɗan takara ya yarda da iyakar abin da zai kashe. Tsarin ya yi aiki shekara talatin, har zuwa 2008 lokacin da Barack Obama ya ƙi karɓar tallafin a babban zaɓe saboda ya ga zai tara ninkinsa daga hannun jama'a, abokin karawarsa John McCain ya karɓi dala miliyan 84 aka kuma fi shi kashe kuɗi nesa ba kusa ba. A 2010 Kotun Ƙolin ƙasar ta buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi ƙofar kashe ko nawa suka ga dama a kan zaɓe muddin ba ta hannun ɗan takara ba ne, kuma tun daga nan babu ɗan takarar manyan jam'iyyun biyu da ya sake karɓar tallafin a babban zaɓe.

Inda nake so ku duba da kyau shi ne Jamus da Faransa. A Jamus jam'iyya ba ta samun ko sisi sai ta ci aƙalla rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙuri'un zaɓen tarayya, ko kashi 1 a zaɓen jiha. Wani ɓangare na tallafin ana lissafa shi ne a kan kowace ƙuri'a da ta samu, wani ɓangaren kuma a kan kuɗin da mambobinta da ƙananan masu ba da gudummawa suka biya, inda gwamnati ke ƙara santi 45 a kan kowane yuro ɗaya, amma iyakar abin da ake ƙirgawa daga mutum guda yuro 3,300 ne a shekara. Sannan akwai ƙa'idar da ta fi burge ni a matsayina na akanta: abin da gwamnati za ta ba jam'iyya ba zai wuce abin da jam'iyyar ta tara da guminta ba. Da wannan ƙa'idar jam'iyyar jaka ba ta da abin karɓa, babbar jam'iyya kuma dole ta koma wurin talakawanta tana neman kuɗin kati.

Faransa ta haramta wa kamfanoni ba da gudummawar siyasa tun 1995, ta yanke wa mutum ɗaya yuro 4,600 a kowane zaɓe, kuma ba ta ba ɗan takara kuɗin kamfe gaba ɗaya kafin zaɓe. Sai ya kashe, ya kawo lissafi da rasit gaban hukuma ta musamman, an tantance, sannan a mayar masa da wani kaso da bai kai rabin iyakar da doka ta yanke ba, in har ya samu kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Dokar tasu kuma tana da haƙora. An yi watsi da lissafin yaƙin neman zaɓen Nicolas Sarkozy na 2012, wanda ya yi takarar yana kan kujerar shugaban ƙasa, ya rasa kuɗin da za a mayar masa, a 2021 kuma kotu ta same shi da laifin wuce iyakar kashe kuɗi. Ku kwatanta wannan da Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ta ce ɗan takarar da ya wuce iyaka da gangan za a ci shi tarar kashi 1 cikin 100 na iyakar, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba. Ga mai neman shugabancin ƙasa tarar naira miliyan 50 ke nan, rabin kuɗin fom.

Kada a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce da ba za ta yi tsiro a ƙasarmu ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a ranar 8 ga Agustan 1950 ba ta da attajirin da ya ɗauke ta, teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure ne suka riƙe ta da kuɗin kati da karo-karo, ga ɗauri da bulala da suke sha a kai. Da magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnonin nata, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, sun soke haraji da jangali tun a farkon mulkinsu, domin waɗanda suka kawo su kujera su ne masu biyan harajin. A wancan zamanin ɗan jam'iyya shi ke ba jam'iyya kuɗi. Yau shi ake ba kuɗin mota kafin ya zo taro, kuma wanda ya biya kuɗin motar shi ke da jam'iyyar.

Abin da nake roƙonku, masu girma, shi ne ku bi abin daki-daki, kada ku fara da rabon kuɗi. Ku fara da haske. Dokar 2022 ta riga ta ce kowace jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe rahoton gudummawar da ta karɓa cikin wata uku bayan bayyana sakamako, da lissafin abin da ta kashe cikin wata shida bayan zaɓe. Ku faɗaɗa wannan ya hau kan kowane ɗan takara tun daga ranar da ya sayi fom, da asusun banki guda ɗaya da duk kuɗin takararsa zai bi ta ciki, a riƙa wallafa sunan duk wanda ya ba da gudummawa mai yawa a intanet kafin ranar zaɓe, yadda mai jefa ƙuri'a zai san wanda ke bayan wanda yake zaɓa. Ku hana duk wanda ya ba da babbar gudummawa samun kwangila daga gwamnatin da ya taimaka aka kafa na wasu shekaru. Ku yanke wa kuɗin fom iyaka, domin dokar da kuka yi a 2018 ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai zuwa 25 ba ta da amfani ga matashin da ake nema ya kawo naira miliyan 10 kafin a saurare shi, ko da an yi masa ragi. Hukuncin wuce iyaka kuma ya zama rasa kujera, domin shi kaɗai ne hukuncin da ɗan siyasa ke tsoro. Wannan aiki ya fi ƙarfin hukumar zaɓe, wadda shirya zaɓen kansa ya ishe ta. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 a kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe da wata ta rajista da sa ido a kan jam'iyyu, kuma shawarar tana nan tana jiran ku.

Sai bayan wannan ya zauna ne maganar tallafi za ta yi ma'ana, kuma ina so ku ga cewa ba abin da zai karya baitulmali ba ne. Ƙuri'un da aka ƙirga a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kimanin miliyan 24 ne. Da za a ce kowace ƙuri'a ta jawo wa jam'iyyar da aka jefa wa naira 200 a shekara, jimillar ba ta kai naira biliyan 5 ba, alhali kasafin da hukumar zaɓe ta gabatar domin gudanar da wannan zaɓen naira biliyan 305 ne. Mun riga mun yarda mu biya kuɗin akwati da takardar ƙuri'a da na'urar tantance masu zaɓe, saura kawai mu yanke shawara ko za mu bar wa 'yan kwangila zaɓen sunayen da za a buga a kan takardar. Sai dai ni na fi son tsarin da ke bin sawun kuɗin 'yan jam'iyya a kan wanda ke bin ƙuri'a kaɗai, saboda dalilai biyu. Na farko, rabon da aka ɗora a kan ƙuri'a ko kujeru yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, kamar yadda muka gani a dokar 2006. Na biyu, akwai mutanen da ke cewa, kuma da gaskiyarsu, ba su yarda a ɗauki harajinsu a ba jam'iyyar da suke ƙi ba. Idan tallafin yana bin naira dubu ɗaya ko biyu da mai shayi ko malamar makaranta suka tura da kansu daga asusunsu na banki, to hannun ɗan ƙasa ne ke nuna inda kuɗin zai je. Na san za a yi ƙoƙarin raba kuɗin attajiri gida dubu a shigar da shi da sunayen mutane, amma yanzu da kowane asusu ke ɗaure da lambar BVN, gano irin wannan ya fi sauƙi a kan gano buhun kuɗi da aka shiga da shi otal da tsakar dare.

Wani ɓangare na tallafin ma ba sai ya zama kuɗi ba. Gidajen rediyo da talabijin na gwamnati da harajinmu ake tafiyar da su, kuma sashe na 95 na dokar 2022 ya ce a ba 'yan takara lokaci daidai a cikinsu, amma kowa ya san a jihohi da yawa muryar gwamna mai ci kaɗai ake ji, ɗan adawa kuma ko filin taro na gwamnati sai a hana shi ko a yanka masa kuɗin da ba zai iya biya ba. Wannan ma tallafin gwamnati ne ga yaƙin neman zaɓe, sai dai ɓangare ɗaya ke cin sa. Ku mayar da shi na kowa, ku kuma tabbatar duk kuɗin da za a ware ya fito kai tsaye daga asusun tarayya ba tare da jiran sa hannun fadar shugaban ƙasa ba, don kada ya zama sandar dukan 'yan adawa.

Ban manta cewa waɗanda nake roƙo su gyara tsarin su ne waɗanda tsarin ya kawo ba. Amma na zauna da wasu daga cikin waɗanda suka riga ku zama a wannan zaure, na ga wanda ya sayar da gidan gadonsa domin zaɓen fid da gwani, na ga wanda ya gama wa'adinsa bashi na bin sa, ba ya iya kwana a garinsu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 27 cikin 100 ba, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999, kuma a unguwarmu idan ka tambayi waɗanda suka zauna a gida, amsarsu ba ta wuce cewa an riga an sayi abin tun a sama.

Ina neman kwamitocinku su kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan batu shi kaɗai, a kowace shiyya ta ƙasar nan, a yi shi da harsunan da mutane ke ji, a gayyaci ƙungiyoyin akantoci da na 'yan kasuwa da na ƙwadago. Ina kuma neman kafin a buɗe zaman farko, kowane ɗan kwamiti ya ajiye a kan tebur lissafin abin da ya kashe a zaɓensa na ƙarshe da sunayen waɗanda suka ba shi. Idan aka zo Kano zan halarta, kuma duk wanda takardunsa suka rikice masa a cikinku, a shirye nake in jera masa su kyauta.

Wassalam.

Naku,
Wani akanta mai ritaya, mai biyan haraji,
Kano.